Jan Biro da Ranar da ta Fito Daga Yamma

Yayana shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran rubutun mutane, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ya karanta littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Ba zaginsa nake yi ba, aikin ne ya gaji haka. In an miƙo masa shafi, daga jimlar ƙarshe yake farawa. Sai ya ɗora rula a ƙarƙashinta, ya bi ta kalma bayan kalma, sannan ya hau ta samanta, har ya ƙure shafin ta sama. Ya ce labari ɓarawo ne, in ka sake ya ja ka, ido zai tsallake kuskure yana murna. Shi ya sa kowa ke ce masa Jan Biro, tun daga Manaja har mai gadin layinmu. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, shi kuma Auta yake ce min har yau, ko da yake jikokina uku.

Maɗaba'ar da muke aiki ɗaki biyu ce da 'yar rumfa, sai ɗan ofishin Manaja. A ɗakin gaba akwai kanta, da kwamfuta biyu, da matar da ke buga rubutu, wadda ba ta ɗaga kai sai in an ambaci abinci. A na baya tsohon injinmu yake, da wuƙar yanka takarda, da warin tawada wanda ya kama min kaya har sabulu ya sallama. Ni ce mai ninke takardu, in ɗinke su da zare, in manna bango. Teburin Yaya yana jikin taga, da wata fanka a kansa wadda wuyanta ya ƙage tun da daɗewa, shi kaɗai take hurawa. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma aiki ya watsa su, ɗaki guda na ware masa a gidana. Amma in gaskiya za a faɗa, kwana kawai yake yi a wurina, teburin nan ne gidansa.

To, Yaya ba harafi kaɗai yake gyarawa ba, har da gaskiyar magana. An taɓa kawo mana kalanda mai kwana talatin da ɗaya a watan da ba shi da su, ya soke. Wani malami ya rubuta wa yara cewa gizo-gizo ƙafa shida gare shi, ya mayar da su takwas. Kuma ba ya tambaya, ba ya kiran mai rubutu ya nuna masa. A cewarsa, nuna wa mutum kuskurensa cin fuska ne, gyara shi a ɓoye kuma rufin asiri. Marubuta nawa suka tafi suna hura hanci da ilimin da ba nasu ba, Allah kaɗai ya sani. Manaja yana alfahari da shi, ni ma ina yi, ba zan ɓoye ba.

Ana nan sai ga Sista. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa, siririya, mai saurin magana, agogonta maƙale a ƙirji. Ta zazzage littattafan rubutu goma sha ɗaya a kan kanta, irin na 'yan makaranta, wasu bangonsu ya jiƙe da shayi. Ta ce labari ne, shekara shida tana rubuta shi a lokutan hutunta. Ta kai wa kamfanoni uku, duk sun ce ba mai karanta irin wannan, shi ne ta ce ita za ta buga abinta, kwafi ɗari uku. Takardar ma da kanta ta sayo, mai ɗan ruwan ƙwai, ta kawo a bayan mota, daidai ɗari ukun nan ba ragi ba ƙari. Ta riga ta gayyaci abokan aikinta da 'yan'uwa ƙaddamarwa ranar wata Asabar, saura mako uku. Abu ɗaya ta roƙa, a duba mata haruffa, domin rubutun hannunta irin na asibiti ne. Manaja ya buga ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta, ai muna da Jan Biro.

Ga yadda muke aiki, don a gane inda gizo ke saƙar. Ba ma jira a gama buga littafi duka. Shafi goma sha shida ake ɗauka kashi guda: a buga a kwamfuta, a kai wa Yaya, a shigar da gyaransa, a yi farantin bugawa, Mai Inji ya gurza shi a takarda. Wuri ne ba mu da shi, lokaci ma haka. Don haka kan littafi yana iya bushewa a tare a bango alhali wutsiyarsa ba ta bar hannun mai buga rubutu ba.

Tun daga kashin farko na fara jin tsaki daga wajen taga. Yaya ya ce yarinyar nan ko dai gajiya ce ta yi mata yawa, ko kuma makarantar ta bi ta gefenta ne. Ta rubuta rana ta fito daga yamma, abin da ko a mafarki ba a fata. Ta ce mako kwana tara ne. Ta sa wata biyu a sama a lokaci guda. Ta ce kogi ya hau tudu. Sai ya girgiza kai, ya ce Allah sarki, a rufa mata asiri, ya soke yamma ya sa gabas, ya soke tara ya sa bakwai, ya kashe wata ɗaya, ya gangaro da kogin. Ni ma dariya na yi, har na ce Allah ya sa ba haka take ƙirga ƙwayar magani ba. Wannan dariyar har yau tana ci min rai.

Kashi uku aka gurza, shafi arba'in da takwas, sau ɗari uku. Na jera su a bango da hannuna.

Ranar wata Asabar da hantsi, saura mako guda cif a yi taron, yana kan kashi na shida. Ina ninki sai na ji shiru, irin shirun da ke sa uwa ta leƙa ɗaki. Na waiwaya na ga rular a gefe, biron a ajiye. Daga baya ya gaya min abin da ya faru. Yana hawa daga ƙasa kamar kullum, sai ya ci karo da jimlar da ta ce duk zauren ya fashe da dariya. Ya hau ta samanta, sai ya ga wata yarinya tana cewa a duniyar kakanninsu rana daga gabas take fitowa, mako kuma kwana bakwai ne. Jimla lafiya lau, ba abin gyara. To me ya ba su dariya? Karon farko ke nan da magana daidai ta tsaya masa a wuya. Sai ya ɗauke rular ya karanta shafin daga sama, kamar sauran bayin Allah.

Ya miƙe, ya leƙa ɗakin baya, ya ce wa Mai Inji ya dakata da kashi na huɗu, da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya karɓo littattafan Sista goma sha ɗayan nan daga hannun mai buga rubutu, ya koma ya zauna. Na kai masa abinci, ya huce a gefensa. Na yi masa magana sau uku, sai ka ce da bango nake. Da aka tashi ya ƙunshe su a leda ya tafi da su gida, abin da bai taɓa yi da aikin kowa ba. Washegari Lahadi a ƙarƙashin bishiyar tsakar gida ya wuni, jikokina suna hawa kansa suna sauka bai ma sani ba. Da la'asar na fito shanya na ga idonsa ya yi ja. Na ce ko ba shi da lafiya ne, ya ce in zauna.

Labarin, in ji shi, ba a duniyar nan yake ba. Wasu mutane ne a wata duniya can bayan taurari, kakanninsu suka je a wani jirgi tun zamanin da ba mai tunawa, har jikoki suka manta cewa su baƙi ne. A can rana daga yamma take fitowa, mako kwana tara ne, wata biyu ne, kuma in sun haɗu sukan ja kogi ya hau tudu. Akwai wata tsohuwa da ke ƙulla igiya bakwai-bakwai kamar yadda kakarta ta koya mata, ba ta san dalili ba, gari duka yana ce mata mahaukaciya. Sai wata yarinya mai ninƙaya ta gano jirgin a ƙarƙashin tafki, ta ji wata murya daga jikin ƙarfe tana ba da labarin inda aka fito. Duk daɗin littafin a nan yake: sai mai karatu ya saba da duniyarsu har ya manta da tasa, sannan a jefo masa gabas da kwana bakwai, ya ji su baƙi a kunnensa.

"Auta," ya ce, "na kashe mata littafi. Mai karatu zai zo wurin ya ce, to ai tun shafin farko daga gabas take fitowa, mene ne abin mamaki?"

Na tambaye shi wuri nawa ya taɓa. Ya ce arba'in da ɗaya, ya ƙirga sau biyu. Na so in ce masa garin neman gira an rasa ido, maganar ta zo har bakina, sai na dube shi, na haɗiye ta.

Litinin da safe ya sami Manaja a ofis, ni kuma na laɓe a bakin ƙofa, don ba zan yi ƙarya in ce wucewa nake yi ba. Manaja ba mugu ba ne, amma mutum ne da ke ganin duniya ta ramin makulli. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce aikin gama ya gama. Takardar Sista ta tafi, irinta ba ta samuwa a kusa, kuma ko an samu, inji yana da aikin wasu a layi har Asabar ɗin. Ya ce daga shafi na arba'in da tara a bar mata shirmenta yadda ta rubuta, na baya kuma a ɗinke a haka. Shekararsa ashirin a sana'ar nan bai taɓa ganin marubucin da ya zauna ya karanta littafinsa bayan an buga ba, bango suke shafawa su ɗauki hoto. Yaya ya ce ita wannan za ta karanta. Manaja ya ce in ta karanta sai a ce kwamfuta ce. Yaya ya ce ba kwamfuta ba ce, shi ne.

Nan muryar Manaja ta canza. Ya ce shi sunan shagonsa yake karewa, ba zai yarda a ji a gari cewa a nan ake ɓata wa mutane aiki ba. "Malam," ya ce, "ina ganin girmanka. Amma in ka je ka gaya mata, kada ka dawo teburin nan."

Yaya ya fito bai ko kalle ni ba. Mutum mai shekara sittin da bakwai, wa zai ɗauke shi aiki? Yanzu kowa ya ce kwamfuta tana ja wa kuskure layi da kanta. Na san in aka raba shi da teburin nan, zama zai yi a ɗaki ya bushe. Na kuma san matar nan shekara shida ta zuba. Gaba kura baya sayaki, kuma ni ce a tsakiya da allura a hannu, domin in ban ɗinke ba littafi ba ya fita.

Da yamma ya ce in raka shi tasha. Na gane abin da yake nema, mafita yake nema. Yana so wani ya ce masa ba a rubutu haka, laifin yarinyar ne da ba ta yi gargaɗi ba. Akwai wani mai sayar da littattafai a bakin tashar, Dogo ake ce masa, teburinsa a ƙarƙashin lema. Yaya ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa ganin littafin da aka sauya wa duniya tsari da gangan. Dogo ya yi dariya, ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur.

Wallahi ban san akwai su ba, ni da na tsufa a cikin takarda. Ƙanana ne, sirara, wasu ƙusar da aka maƙale su da ita ta yi tsatsa, wasu hoton bangon da hannu aka zana. Ba sunan kamfani ko ɗaya, sai lambar wayar marubuci a baya. Dogo ya ce masu su ne ke kawowa da kansu, goma-goma, a jakar leda. Wannan wani makanike ne ya rubuta, a kan injin noma da ya ƙi tashi sai an ba shi labari. Wancan wata malamar firamare ce, a kan telan da in ka sa rigar da ya ɗinka sai ka wuni a rayuwar wani. Ga wani a kan garin da mutanensa ke cire inuwarsu su rataye kafin su shiga kotu. Ya ce ba sa tafiya da sauri, amma wanda ya ɗanɗana sai ya dawo, akwai ma wata mai sayar da atamfa da ke zuwa duk wata ta yi masa faɗa in ba sabo. Yaya ya ɗauki biyar. A hanya sai mita nake yi a kan ƙurar da ta ɓata min takalmi, don in ban yi magana ba kuka zan yi.

Cikin kwana biyu ya cinye uku. Kurakurai fal a cikinsu, na gaske, harafi ya faɗi nan, layi ya maimaitu can, ina ganin yatsunsa suna motsi su kaɗai. Amma bai tsaya ba. Da safe kafin mu fita ya tare ni a bakin murhu yana ba ni labarin injin noman nan, yana dariya har da tari, sai kuma dariyar ta yanke. Ya ce ashe jama'a ce guda, suna can suna gina duniyoyi a bayan shaguna da ɗakunan haya, shi yana nan yana ƙirga ƙafar gizo-gizo. Ya ce da makaniken nan wurinmu ya kawo aikinsa, da ya gyara masa injin ya tashi da mai. Mafitar da ya je nema ke nan ta toshe, ya dawo da abin da ya fi wanda ya tafi da shi nauyi.

Ranar Laraba aka gama gurza sauran, aka tara min komai a gabana. Manaja ya ce gobe da yamma yake son ganin ɗari na farko da bango. Na ce zare ya ƙare. Ya aika aka sayo. Na ce wannan zaren ruɓaɓɓe ne, ya tsinka a gabana da ƙyar, ya harare ni. Na ce to mannen bai kwanta ba. Haka na yi ta jan ƙafa kamar mai zuwa gidan surukai da laifi, ina ninke kashi na bakwai da na takwas, ina kauce wa ukun farko. Sista ta bugo waya da rana, ina jin Manaja yana ce mata komai ya yi kyau, sai ta gani. Ta ce a gaida Baba mai gyara. Manaja ya isar da gaisuwar da ƙarfi don kowa ya ji. Yaya ya tashi ya fita bayan shago, ya daɗe bai dawo ba.

A hanyar gida na kasa daurewa. Na ce masa ni fa ba zan iya ta ƙarya a kan zare har Asabar ba, rana ba ta ƙarya. Ko ya ce min in ɗinke, in ɗinke mu haɗiye abin mu mutu da shi, ko ya san abin da zai yi. Na faɗa da zafi, domin haushinsa nake ji, ina jin haushin Manaja, ina jin na kaina, har ita Sistar da ta rasa abin rubutawa sai rana daga yamma. Ya ce in ɗinke mana. Na ce to. Muka yi taku kamar goma. Ya ce kada in ɗinke.

Alhamis da sassafe na same shi ya sa rigarsa mai guga, ya ce asibiti za shi. Na yafa mayafi na bi shi, don yadda yake tafiya ban yarda zai kai shi kaɗai ba. Da muka isa, maimakon ya ce wa mai tsaron ƙofa wurin Sista ya zo, sai ya bi layi ya yanki kati. Na ce Yaya, lafiyarka kuwa? Ya ce mutane sun riga shi zuwa, ba zai tsallake su ba. Haka muka zauna a benci tsakanin wata mai goyo da wani dattijo mai tari, awa biyu cur, yana juya katin nan a hannu har ya yi laushi. Sau biyu ya ce ko mu dawo gobe. Na ce in ya tashi daga bencin nan, ni zan shiga in faɗa, kuma ya san bakina.

Da aka kira lambarsa muka shiga. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur da kujera biyu, da sikeli a ƙasa, da labule shuɗi. Sista ta gan mu ta washe baki, ta ce a'a, Baba mai gyara ne da kansa, ina littafinta? Kafin ya buɗe baki ta kama hannunsa, ta naɗe masa hannun rigar, ta ɗaura abin awon jini ta fara matsawa. Ina ganin dai ya ga in bai faɗa a lokacin ba, ba zai taɓa faɗa ba. Sai ya fara, hannunsa a ɗaure, idonsa a kan sikelin. Ya gaya mata yadda yake karatu daga ƙasa, da gabas ɗin, da bakwai ɗin, da watan da ya kashe, da kogin. Ya ce shafi arba'in da takwas, an riga an gurza a takardarta, ba sauran. Bai ambaci kwamfuta ba, bai ambaci Manaja ba.

Hannunta ya tsaya a kan robar da take matsawa. Iskar ta fita a hankali, muna jin sautinta. Ta kalli allurar awon, ta rubuta lamba a katin, hannunta bai ko karkace ba, wannan ya fi ba ni tsoro a kan ta yi ihu. Ta tambaye shi wuri nawa, ya ce arba'in da ɗaya. Ta ce wa ya sa shi. Ya ce ba kowa, haka ya saba. Ta ce Asabar fa? Ta ce yayarta tun jiya ta taso daga nesa saboda taron nan, an yi hayar kujeru, an gaya wa likita. Ba da mu take ba, da bango take magana. Ni dai na ƙura wa labulen ido ina jin zufa tana bin bayana.

Can ta ce, to ta yaya ya gane, tunda shi ba ya karanta labari? Ya ce ya karanta. Ta ce zuwa ina? Ya ce har ƙarshe, sau biyu. Ta dube shi irin duban da suke yi wa maras lafiyar da ya ce ya shanye maganinsa.

"Tsohuwar mai igiya," ta ce, "ta ji labarin jirgin?"

"Ba ta ji ba." Muryarsa ta ɗaga, mutumin da ya shigo kamar an jiƙa shi. "Kwana ɗaya ya rage yarinyar ta iso, kika kashe ta. Shekara saba'in ana yi mata dariya, ki bar ta ta ji mana, ko da kalma ɗaya ce. Ni wannan ban yafe miki ba."

Na taka masa ƙafa. Mutum ya zo neman gafara ya ɓuge da cewa bai yafe ba, ina aka taɓa yin haka? Amma Sista ba ta yi fushi ba. Ta zauna a kujerarta a hankali, ta rufe baki da bayan hannu, idonta ya kawo ruwa. Ta ce mijinta a littafi na biyu ya tsaya, ƙawarta ta ce ta karanta amma ba ta san ma akwai tsohuwa ba, kamfanonin nan kuwa ko ledar ba su kwance ba.

"Baba, kai ne mutum na farko da ya karanta shi har ƙarshe," ta ce. "Kuma kai ne ka ɓata shi. Ban san wanne zan ɗauka in tafi da shi gida ba."

Ta share ido, ta kwance abin awon daga hannunsa, ta ninke shi. Ta juyo gare ni ta ce kada in ɗinke ko ɗaya, gobe za ta zo ta kwashe kayanta, taron kuma ta san yadda za ta yi da shi. Ta ce wa Yaya jininsa ya hau sosai, ya je taga ta biyu ya karɓi magani, ya rage gishiri. Ya miƙe, ya riƙe bayan kujera, ya ce 'yata, ki yafe min.

"Ba yau ba, Baba," ta ce. Ta leƙa ƙofa ta kira na gaba.

Mun karɓi maganin, mun fito. A bakin ƙofar asibitin ya zauna a kan dakalin da masu jiran mota ke zama. Na tsaya a kansa ina kare masa rana da mayafina. Ina jin tausayinsa, ina jin tsoron gobe, kuma ban taɓa jin girmansa a raina kamar lokacin ba, sai dai ban gaya masa ba, don ba mu saba da irin wannan ba. Abin da na ce shi ne ya tashi kada a ɗauka bara muke yi.

Ya laluba aljihu ya ciro ɗan makullin durowar teburinsa, wanda ke ɗaure da zare baƙi, ya miƙo min. Ya ce in kai wa Manaja, in ce masa an gode. Ya ce akwai tabaraunsa na biyu a ciki, da kofin shayi, in taho masa da su. Na ce shi fa, ina za shi? Ya ce gida, a ƙafa, yana so ya ɗan taka.

Na tsaya ina kallonsa har ya tsallaka titi, ledar maganin tana lilo a hannunsa. Sannan na juya na nufi shago, makullin a dunƙule a tafina, ina shirya abin da zan ce wa Manaja.